Abin da Ke Cikin Hular Mamuda

"Lafiya lau, uwargijiya marar ko akuya. Ya hanya? Ya ƙaurin man kaɗe?"

"Alhamdu lillahi. Kai bawa, ba za ka tashi ka sauke ni ba? Ko an raba muku 'yanci ne ban ji a rediyo ba?"

"An raba tun zamanin Turawa. Ku ne labari bai iso muku Randagi ba, saboda lalacewar hanya."

Ya dai tashi ya sauke ta. Juwairiyya ta dire bokitin man kaɗenta a bakin rumfar Suhaibu mai wankin hula, nan bayan tashar Birnin Gwari, ta ture hulunan mutane gefe ta baje a benci kamar rumfar ubanta. Ita 'yar kawunsa ce, shi ɗan gwaggonta, don haka tun suna yara take kiransa bawa, shi kuma bai taɓa barin baƙar maganarta ta kwana bai rama ba.

Sai dai yau ba wasa ne ya ɗora ta a babur tun daga Randagi ba, ranar da ba ta kasuwa ba. Suhaibu yana da tabon ƙuna a ka, tsakanin tsakar kai da saman kunnen hagu, inda gashi bai ƙara fitowa ba tun yana ɗan shekara biyar. Ita ta yi masa shi. Kokawa suke a kan gasasshiyar masara ta hankaɗa shi, ya faɗa kan tukunyar man kaɗen da gwaggo ke tafasawa. A baki tana kiran tabon hatiminta, a zuci kuwa shekara talatin da shida ke nan ihun yaron nan bai bar kunnenta ba. Tun da ya yi wayo ba wanda ya ƙara ganin Suhaibu ba hula. Ko alwala a bayan rumfa yake yi.

To bana wani attajirin hatsi da ya shekara ashirin yana kawo masa wanki ya biya masa kujerar Makka. Aka yi murna kwana biyu, rana ta uku Suhaibu ya tuna cewa mai harami ba ya rufe kai. Ana cikin haka sai ga Mamuda direba da labarin wani likita a Kaduna mai dashen gashi, wai shi ma can aka yi masa. Suhaibu bawan Allah ya sayar da bijiminsa, ya kama gurbi a motar da za ta bi ayarin motocin Kaduna gobe da safe. Jirgin alhazai saura sati bakwai.

Abin da Suhaibu bai sani ba, Juwairiyya ta sani. Bushira matar Mamuda na sayen man kaɗe a wurinta duk sati, ta kuma gaya mata, tana kuka, abin da ake shafa wa man. Amma sai da ta sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Ga rantsuwa a baki, ga kan ɗan gwaggo za a kai wa mahauci gobe.

"Na ji an ce za ka kai fegina a yi shuka, ba ka nemi iznin mai fegi ba," in ji ta.

"Wa ya ce feginki ne?"

"Hatimina ke kai. In Fulani sun yi wa saniya shaida, ka taɓa ganin ta shiga mota ta je Kaduna a goge mata?"

"Saniya ba ta zuwa Makka."

"Kai ma da ƙyar. Alhaji Bawa! Ranar da ka dawo ni zan fara buɗe jaka, don kayan bawa na uwargijiyarsa ne. Haƙorin Makka ma in ka sa, cirewa zan yi."

"Ke da ba za ki ga Makka ba sai a kalanda."

"Na ji. Nuna min aikin likitan naka."

Ai kuwa kamar jira yake. Ya goge kumfar hannunsa a riga, ya zaro waya ya miƙa mata hoto: a hagu wani mai sanƙo ya sunkuyar da kai, a dama wani da suma har goshi yana washe baki.

"Wannan ai mutum biyu ne."

"Mutum ɗaya ne! Kafin a yi, da bayan an yi."

"To likitan har kunne yake dasawa? Na hagu kunnensa kamar faifai, na dama kamar na ɓera."

"Hoto ne, haske ne ya..."

"Kuma ya shiga baƙi ya fito fari tas. Kai, ni ma a kama min gurbi a motar nan, ko mijina ya daina kallon rediyo ya kalle ni."

"Ke sai dai a dasa miki sabon baki."

"Wane asibiti yake?"

"Ba asibiti ba ne can-can. Wuri ne dai mai tsabta, a saman bene."

"Me ke ƙasan benen?"

Suhaibu ya sosa wuya. "Masu kayan babur."

"Madalla. In kan ya ƙi tashi sai a sauko ƙasa a sake masa fulogi. Ka ga takardar shaidarsa?"

"Ke kin iya karatu ne da za ki tambayi takarda?"

"Ban iya ba, amma na iya tambaya. Wa ya ce maka likita ne?"

"Mamuda ya ce farar riga yake sawa."

"Mai tsiren bakin tasha ma farar riga yake sawa. Kwana nawa ya ce gashin zai fito?"

"Sati uku. Ya ce in an dasa, sati uku in nemi mataji."

"Sati uku! Alayyafo ne?"

Ta gyara zama, ta ɗaure fuska kamar alƙali.

"Saurara, bawa. Jiya na je wurin Sista Ladi ta asibitinmu na tambaye ta. Ta ce ko likitan gaske ne ya yi, daga ƙeyarka zai ciro gashin ɗai-ɗai ya dasa. Bayan 'yan makonni abin da aka dasa ya zube, sai an yi wata uku ko huɗu ya fara tsirowa, ba a sanin an ci ko an faɗi sai shekara ta zagayo. Ta ce fatar ƙuna ba ta karɓa kamar lafiyayya, wani ya kama, wani ya ƙi. Ta ce kuma ba a son rana ta dake shi. To kai sati bakwai gare ka. Ga ka tsaye a Arfa rana tsaka, ga tsohon tabo, ga sababbin ramuka a ƙeya. Ka isa Mina wanzami ya taso da aska. Wato ka sayar da bijimi a dasa maka gashi don ka kai shi Makka a aske. Irin wannan hankali sai 'ya'yan gwaggo."

"Saisaye zan yi."

"Saisayen me? Iska?"

"Sista Ladi allurar rigakafi ta sani. Ni ina da shaida mai rai. Wata takwas ke nan da aka yi wa Mamuda. Ya ce yanzu ko kitso aka so za a iya yi masa."

"Ka gani?"

"Shi ya faɗa min da bakinsa."

"Ka gani, nake tambaya."

"Haba Juwairiyya. In ce wa namiji cire hularka in ga kanka? Ni?"

Wallahi gaskiya ya faɗa: duk faɗin garin nan in akwai mutum ɗaya da ba zai taɓa cewa wani ya cire hula ba, to Suhaibu ne. Mamuda ya san wanda ya zaɓa. Ranta ya ɓaci, maganar Bushira ta taho har bakin harshe, ta haɗiye ta da ƙyar. Ta shiga raba ido a rumfar, ga huluna an kafa a kan gumagumai suna shan rana, ga dutsen guga, ga robar sitaci. Can idonta ya sauka a kan buhun hulunan da ba a wanke ba. Sai ta yi murmushin da Suhaibu ya daɗe da sanin ba na alheri ba ne.

"Wai kai da kake cika baki ka san kan kowa a garin nan."

"Cika baki? Ki ba ni hula ido rufe, in gaya miki mai ita, da abin da yake shafawa, da ko matarsa na fushi da shi."

"Ƙaryar banza."

"Gwada."

Ta zura hannu a buhu ta ciro wata ƙube. Ya rufe ido, ya shafa gefenta, ya juya cikinta ya shinshina.

"Malam Timothy na sakandare. Ga alli a gefen da yake kamawa." Ya buɗe ido. "Ga furfura a ciki, ga baƙin rini. Yana ta ɓoye shekarunsa bai san hula na kawo min rahoto ba."

"Sa'a ka ci. Wannan fa?"

"Wannan ko daga nesa. Munzali mai nama. Ƙaurin kitse, da amosani kamar an barbaɗa gari. Matarsa ta yi yaji, shi ya sa ya yi wata biyu bai canza ba."

"Oh ni! Ashe bawana boka ne. To ciro min ta Mamuda in ga gashin likita. Mai sumar da ake yi wa kitso ai ba zai rasa zubar da ko sili biyu a hula ba."

"Jiya ma ya kawo guda uku. Yanzu za ki ji kunya."

Ya tona buhun ya ciro wata zanna mai ruwan toka, ya kaɗa ta a gaban hancinta, ya juya cikinta da yatsa biyu irin na gwanaye. Ya matsa bakin rumfa inda haske yake. Gaban hular fes, ko sili ɗaya babu. Bayanta kuwa, daidai inda ke zama a ƙeya, maiƙo ne ya yi zobe, da wani busasshen abu rawaya-rawaya, da ɗigon jini da ya koma baƙi, har da 'yar auduga a manne. Ya ciro ta biyu, haka. Ta uku ta fi su muni.

"Ina kitson?" in ji Juwairiyya a hankali.

Bai kula ta ba. "A da, hula lamba ashirin da biyu yake sawa."

"Yanzu fa?"

"Ashirin da uku. Ya ce gashi ne ya ƙaru." Ya shafa bayan hular inda ta buɗe. "Gashi ba ya buɗa hula ta baya kaɗai. Kumburi ne."

Ya kai ta hanci, ya ɗago ya zuba mata ido.

"Wannan manki ne."

"Man kaɗe duk ɗaya ne."

"Naki ne kaɗai ke ƙaurin hayaƙi, don har yau ba ki iya suyar ƙwara ba."

"Ni dai ban ce komai ba. Allah na gani, bakina a rufe yake. Hula ce ta yi magana, kuma kai ka ce ka iya yarenta."

Suhaibu ya koma ya zauna a kan turmin da yake zama, hular a cinya.

"Wata takwas nake wanke wannan abin," in ji shi daga baya. "Ina gani ina sa burushi. Ta kowa ina karantawa, tasa kaɗai na ƙi. To me ya sa zai tura ni?"

"Oho. Amma da ni ce mai saman bene, na ɓata kan mutum, sai in ce masa kawo min wani in gyara maka naka kyauta. Da ni ce fa. Kuma wanda ƙeyarsa ta hana shi barci wata takwas, ba abin da ba zai yarda da shi ba."

Ta yi istigfari a zuci, don ta san ta taka gefen rantsuwar.

Ta ɗauka zai zagi Mamuda, ko ya rama mata da wata baƙar. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai, muryarsa ta sauka.

"Ke ba ki sani ba ne. Mutanen garin nan fiye da arba'in ne a jirginmu. Duk ni nake wanke musu hula. Kwana da kwanaki za mu yi tare, ba abin rufe kai. Ina firamare Tasa yara ke kirana, har in na wuce su riƙa ƙwanƙwasa kwano. Tun da aka ba ni kujerar nan mutane ke min barka, ni kuwa tsoro nake ji. Makka fa, Juwairiyya. Kowa na kukan murna, ni ina tunanin hula."

Nan wasan ya ƙare mata. Hawaye ya zo ba sallama, ba ta kuma tare shi ba.

"Na sani mana. Ni na yi maka shi. Kai ka ɗauka ina kiransa hatimi don daɗi? Don in ban yi dariya ba kuka zan yi. Na ɓata kan nan sau ɗaya ina shekara bakwai, ban da hankali. Yanzu da hankalina in zauna a Randagi a ɓata shi na biyu? Wanda za ka je ɗakinsa ya riga ya ga kan nan, Suhaibu, kuma a haka ya kira ka. Ka je ka dawo. In har yanzu kana so, ni zan raka ka babban asibiti, wurin likitan fata na gaske. Mu ce ya nuna mana wanda ya yi wa shekara guda da ta wuce, a tsaye, hula a hannu. In ya ce rabi ne zai kama, mu san rabi muka je nema. In ya ce a bar shi, a bar shi."

Suhaibu ya dube ta. Bai taɓa ganin ta tana kuka ba, abin ya ruɗa shi.

"Ke, share. Ai ni na fara cizonki ranar."

"Na sani. Masarar ma tawa ce."

"Tawa ce!"

"Bawa na da masara?"

Dariya ta ƙwace masa. Ya ajiye hular Mamuda gefe guda, daban da sauran.

"Wannan da kaina zan kai masa. Ba zan yi masa faɗa ba. Asibiti zan ja shi kafin ƙeyar ta ruɓe."

Sannan ya dubi titi. Tasha cike take, 'yan kamasho na ta ihu, masu babur na ta karakaina, mata na wucewa da tallan dafaffiyar gyaɗa. Ya ja numfashi, ya ɗaga hannu biyu ya cire hularsa, ya miƙa mata.

"Riƙe. Gwajin harami. Yau minti goma, gobe rabin awa. Kafin sati bakwai na saba."

Juwairiyya ta karɓa. Rabon da ta ga tabon nan tun yana ɗanye, gwaggo na shafa masa zuma. Shekara talatin da shida tana ɗauke da shi a ranta, ya cinye rabin kai, ja wur, abin tsoro. Yanzu ga shi a gabanta: 'yar fata mai sheƙi, ba ta kai tafin hannunta ba, furfura ta kewaye ta. Wani dattijo ya tsaya a bakin rumfa, ya yi sallama, ya ajiye huluna biyu ya ce ranar Juma'a yake so, ya tafi abinsa. Ko kallon kan bai yi ba.

"Kai bawa," in ji ta, tana jan hanci. "A kan wannan ɗan abin ka sayar da bijimi? Ni duk shekarun nan na ɗauka aiki babba na yi. Ashe ko ƙuna ban iya ba."

"Kin ci, uwargijiya. Kin ci. Je ki gaya wa ɗan kamasho ya ba wani gurbina na gobe."

"Ni? Yaushe uwargijiya ta fara zuwa aiken bawa? Tashi ka je da ƙafarka."

Ya miƙo hannu zai karɓi hular. Ta ɗan ɗaga daga benci ta zauna a kan hular.

"Innalillahi! Zanna ce fa! Jiya na yi mata guga!"

"Sai ka sake. Haka za ka je."

"Tsakiyar tasha?"

"Arfa ta fi tasha mutane."

Ya dubi tasha, ya dube ta, ya kai hannu ka ya sauke. Sai ya fashe da dariya har da dafa ginshiƙin rumfa, ya zura takalmi ya fita cikin rana, kai a buɗe, yana tafiya kamar mai koyon tsallaka rafi. Wani mai babur ya ɗaga masa hannu, "Alhaji, saura kwana nawa?" Ya amsa ya wuce.

Juwairiyya ta miƙe tsaye tana goge ido da bakin mayafi, ta bi shi da kallo har ya shiga cikin mutane, sannan ta ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji:

"A hankali dai, Alhaji Bawa! Ka bi inuwa, kada ka kashe wa direbobi ido!"